Malti ko fedoji? Karanta wannan kafin ka zuba kuɗin abincinka a kayan jita

 Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda yake cikin lakca ya ajiye shi sai an fito.

Daren jiya wani ƙanenmu ɗan aji ɗaya ya same ni a ɗaki, ya zauna bakin katifa ya buɗe min hotuna biyar a wayarsa. Fedojin jita ne, kowacce da launinta: mai ruwan lemo, koriya, fara, shuɗiya, da wata baƙa mai kama da totur ɗin mota. Ya ce, "Yaya, waɗannan nake so in haɗa kafin zangon nan ya ƙare. Na yi lissafi, in na koma cin abinci sau biyu, na ɗan taɓa kuɗin hayar baɗi, za su samu."

Na ce masa, "Amfilifaya fa, kana da ita?" Ya ce a'a. "To a ina za ka jona su?" Ya yi shiru. "Wata nawa ka yi da fara koyon jita?" Ya ce bakwai.

Na kalle shi, sai na ga kaina shekara biyu da suka wuce. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin a fili, don na san ba shi kaɗai ba ne. Mu da muka zo daga Arewa muka tarar da jita a ko'ina a nan, a coci, a wurin biki, a ƙarƙashin bishiya bayan lakca, galibinmu ba mu da wani babba a gida da za mu tambaya. Abin da muka gani a YouTube shi ne malaminmu, shi kuwa mutumin YouTube ba a hostel yake kwana ba.

Tun da wuri in faɗa: ban zo yin muhawara kan hukuncin kiɗa ba. Wannan fagen malamai ne, kowa ya san inda yake kai tambayarsa. Magana nake da waɗanda suka riga suka riƙi jita, Musulminmu da Kiristanmu, mai kaɗawa a ɗaki don ya huce gajiya da mai kaɗawa a taron addu'a ranar Lahadi. Tunda dai za a kashe kuɗin, to a kashe shi da hankali.

Ga wanda bai san zancen ba, bari in yi bayani a gajarce. Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da wata murya, sai an ja waya daga jikinta zuwa amfilifaya. A tsakaninsu ne ake saka wasu 'yan akwatunan ƙarfe da ake takawa da ƙafa su canza sautin. Su ne fedoji, kuma kowacce aiki ɗaya ta iya. Akwai mai sa jita gurnani, wadda ake ce wa distoshan, da ƙanwarta obadiraib mai ɗan sauƙin gurnani. Akwai dile, mai maimaita abin da ka kaɗa kamar amsa-kuwwa a gindin dutse. Akwai ribab, mai sa a ji kamar a cikin wani babban zaure kake kiɗa. Akwai koros, mai sa jita ɗaya ta yi kamar biyu ne ke tafiya tare. Sai mai totur ɗin nan, wadda sunanta wa-wa, don kukan da take yi ke nan in kana taka ta. Eh, wa-wa. Ku yi dariyarku ku gama.

Shi kuwa malti akwati ɗaya ne da 'yar kwamfuta a cikinsa, tana kwaikwayon duk waɗannan fedojin, har ma da amfilifayoyi iri-iri da sifikokinsu. Ka haɗa abin da kake so, ka adana shi a lamba, gobe ka taka lambar ya dawo maka yadda ka bar shi. Fedoji sun girme shi nesa ba kusa ba. Mai ruwan lemon nan da ƙanena ya nuna min, Boss DS-1, tun 1978 ake ƙera ta har yau. Koriyar kuwa, Tube Screamer ta kamfanin Ibanez, ita ma a ƙarshen shekarun 1970 ta fito. Kwaikwayon amfilifaya da kwamfuta bai bazu a hannun talakawan makaɗa ba sai da Line 6 suka fito da jan akwatinsu mai suna POD a 1998.

Ra'ayina a fili, ba kwana-kwana: ɗalibin da ke zaune a hostel ko ɗakin haya, ba shi da amfilifaya tasa ta kansa, kuma hannunsa bai gama nuna ba, ya sayi ƙaramin malti. Fedoji su jira. Ba a littafi na karanta wannan ba, a jikina na ji.

Ina aji biyu Baba ya sayar da masara ya turo min kuɗin da ya ce in lallaɓa su kai ni ƙarshen zango. Ni kuwa na shiga mota daga Ibadan na tafi Legas, na dawo da fedoji uku: distoshan, dile da koros, duk na hannu. A hanya ina ta shafa jakar kamar wanda ya sayo amarya. Sai da na iso ɗaki na fara gane cewa feda ba ta zuwa ita kaɗai. Kowacce tana son wutarta. Kowacce tana son gajeriyar waya da za ta haɗa ta da 'yar uwarta. Kuɗi kuwa sun ƙare. Wata biyu na yi ina shan garin kwaki da ƙuli, ina kallon fedoji jere a kan akwatin kayana.

A mako na uku batirin koros ɗin ya mutu. Na duba ɗaki na ga adaftar wata tsohuwar dikoda, bakinta ya shiga ramin fedar daidai kamar don ita aka yi. Na jona. Ko minti ɗaya ba a yi ba na ji ƙauri. Shi ke nan, koros ta riga mu gidan gaskiya. Daga baya na san abin da ya faru: yawancin fedoji wuta mai ƙarfin bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftarsu nagatib ne. Adaftocin dikoda da na'urar intanet da muke da su a ɗakuna galibi bolt 12 ne, tsakiyarsu kuma fozitib. Wato na ba ta wutar da ta fi ƙarfinta, kuma a juye. Ɗan hakin da ka raina.

Amma babbar kunyar tana gaba. Ranar al'adu ta ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa aka saka ni a jerin masu wasa, bayan 'yan kalangu, kafin wasan kwaikwayo. Na yi sati biyu ina shiri. Da na hau dandamali na tambayi mai kayan sauti ina amfilifayar jita, sai ya kalle ni ya nuna min miksa da manyan sifikoki biyu, ya ce abin da aka biya shi ya kawo ke nan. Na ce ba komai, na jona fedojina kai tsaye cikin miksa. Da na taka distoshan, wallahi abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Kun san ƙarar injin markaɗe in an bar shi ba hatsi? To haɗa da kukan zuma a cikin gwangwani. 'Yan mata a layin gaba suka toshe kunne. Ga kuma wani "zuuu" da ke tafiya a ƙasa ko ban taɓa tsirkiya ba, don janareta ake amfani da shi kuma na haɗa fedoji biyun a wata adafta mai araha. Mai gabatarwa ya karɓi makirfo ya ce a tafa min, tun ban kai rabi ba.

Bayan an tashi, wani Bayarabe ɗan ajinmu da ke kaɗa jita a cocinsu ya ja ni gefe. Ya zaro wani ɗan akwati daga jakar bayansa, bai fi girman littafin rubutu ba, ya jona jitata a ciki, ya ja waya ɗaya zuwa miksar nan dai da ta kunyata ni. Ya kaɗa. Jitata ce, sifikokin nan ne, janaretan nan ne, amma sauti ya fito sumul kamar a faifai. A wurin na koyi darasin farko, wanda shi ne dalilina na ɗaya.

Dalili na ɗaya: amfilifaya. Fedoji an yi su ne don su shiga amfilifayar jita, ba don su tsaya da ƙafarsu ba. Sifikar da ke cikin amfilifayar jita ba ta fitar da sauti mai tsini sosai. Daga wajen haz 5,000 zuwa sama sai ta fara danne shi. Wannan dannewar ce ke mai da gurnanin distoshan ya zama mai daɗi. Sifikokin taro kuwa an yi su ne su fitar da komai har da tsinin, shi ya sa in ka zuba musu distoshan tsirara sai ka ji zuma. Malti yana da kwaikwayon sifikar jita a cikinsa, shi ke tace sautin kafin ya kai miksa. To yanzu ka tambayi kanka: a duk tarukan da muke yi a makaranta, sau nawa ka ga an kawo amfilifayar jita? Miksa ce da sifika biyu, sai makirfo mai tsuwa. Wanda ya sayi fedoji ba shi da amfilifaya kamar wanda ya sayi sirdi da linzami ne bai da doki.

Dalili na biyu: wuta. Ba sai na gaya muku halin da muke ciki ba. Ƙananan malti irin su Zoom G1X Four da Boss GT-1 da batir huɗu irin na tocila ƙarama suke aiki, na Zoom ɗin ma yana karɓar wuta ta USB, wato fawabank ɗin da kake cajin waya da shi ya wadatar. An ɗauke wuta, kai kana kiɗanka. Fedoji ma suna cin batir mai bolt 9, amma akwai bambanci: obadiraib da distoshan wuta kaɗan suke sha, batir ya daɗe, su kuwa dile da ribab na dijital zuƙe batir suke kamar rake. In ka ce za ka haɗa su duka a adafta ɗaya da waya mai rassa, sau da yawa sai hayaniya ta shigo, musamman in ka gauraya na dijital da waɗanda ba na dijital ba. Maganinta akwatin wuta mai ware wa kowace feda layinta, shi kuma kuɗinsa kuɗin wata fedar ne. Wani abu da ba wanda ya gaya min: muddin waya na cikin ramin shigar sauti na feda, batir na ci ko ba ka taka ta ba. Ka kwanta ka bar ta a jone, ka tashi ka tarar da gawa.

Dalili na uku: kuɗi. Duk kayan nan daga waje ake shigo da su, da dala ake lissafinsu. A farkon 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da ake turo mana daga gida bai ninka uku ba. A yau sabuwar fedar dile guda ɗaya ta babban kamfani tana iya fin ƙaramin malti ɗungurungum tsada. Ka lissafa fedoji biyar, gajerun wayoyi huɗu, akwatin wuta, allon da za ka jera su, jakar ɗaukarsu, sannan amfilifaya. Shi kuwa malti a cikin kuɗinsa ɗaya ka samu na'urar saita tsirkiya, ka samu ganga mai buga maka kiɗa kana bi, ka samu abin naɗar sauti mai maimaita maka abin da ka kaɗa don ka hau kai. G1X Four ɗin nan yana da salon ganga 68, yana naɗar daƙiƙa 30, yana kuma barinka ka jera abubuwa biyar a lokaci guda. Ga ɗalibi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dalili na huɗu: ɗaki da hanya. Mu huɗu ne a ɗakinmu, ɗaya likitanci yake karanta, ba ya son ko motsin cokali in ya buɗe littafi. Da malti sai in sa abin kunne in yi ta kiɗa har ƙarfe ɗaya na dare ba wanda ya sani. Yawancin fedoji ba su da ramin abin kunne, dole sai an kunna amfilifaya, amfilifaya kuwa ko ka rage ta sai maƙwabci ya buga bango. Sannan ga tafiya gida. Daga Ibadan zuwa Funtuwa yini ne cur har da ɗoriya, kaya a kan cinya. Malti ya shige jakar baya tare da kwamfuta. Lokacin da nake yawo da fedoji, an taɓa tsayar da motarmu a wani shinge aka ce kowa ya buɗe jaka. Ku ƙiyasta fuskar jami'in da ya ga 'yan akwatunan ƙarfe, wayoyi a nannaɗe da batura a jakar ɗan Arewa. Minti ashirin na yi ina bayani, fasinjoji na harara ta. Sai da na nuna masa bidiyona ina kiɗa ya yi dariya ya ce mu tafi. Ga kuma yanayi: a nan laima ce ke sa bakin wayoyi tsatsa, a gida ƙurar hunturu ce ke shiga maɓallan murɗawa su riƙa ƙarar yashi. Fedoji biyar ramuka goma ke nan, kowanne wuri ne da sauti zai iya yankewa. In ya yanke kana kan dandamali, sai ka durƙusa kana laluben wacce ce a gaban jama'a.

Dalili na biyar, wanda ya fi duka a wurina: kunne. Ƙanena wata bakwai ya yi yana koyo. Na tambaye shi mene ne bambancin obadiraib da distoshan a kunnensa, ba a baki ba. Bai sani ba. Ni ma da na sayi nawa ban sani ba, launi na saya da sunan wanda na ga yana takawa. Malti makaranta ce mai araha. A cikinsa za ka ɗanɗana komai, ka jera su gaba da baya, ka ji yadda dile ke yi in ta zo kafin gurnani da yadda take yi in ta zo bayansa. Bayan shekara guda za ka lura cewa a cikin abubuwa sittin ko saba'in da ke ciki, uku ko huɗu kawai kake komawa. Ni da na yi wannan gwajin, na gano distoshan ɗin da na sha garin kwaki dominta ba na ma son ta. Kiɗan da ke raina irin na su Ali Farka Touré ne da Bombino, da hailaif irin na su Oliver De Coque da nake ji a shagunan nan. Abin da nake buƙata sauti ne mai tsabta, ɗan obadiraib kaɗan, ribab, wani lokaci dile. Da na san haka tun farko, da masarar Baba ba ta tafi a banza ba.

To amma kada masu fedoji su ce na yi musu rashin adalci. Suna da hujjoji, kuma masu ƙarfi ne.

Feda ba ta da ɓoye-ɓoye. Maɓalli uku ne a gabanka, ka sunkuya ka murɗa, ka ji canji nan take. A ƙananan malti kuwa sai ka shiga wannan shafi ka fita wancan a ɗan mitsitsin allo kafin ka rage abu ɗaya, kuma a tsakiyar waƙa ba ka da wannan lokacin. Na biyu, in feda ɗaya ta mutu, cire ta za ka yi ka haɗa sauran ka ci gaba. In malti ya mutu, komai ya mutu. Na uku, gyara. Fedar da ba ta dijital ba kayan cikinta irin na tsohuwar rediyo ne, mai gyaran rediyon da ya san hannunsa a Sabo ko a kasuwar garinku zai iya buɗe ta ya canza abin da ya ƙone. In kwamfutar cikin malti ta tafi, sai dai ka yi masa addu'a. Na huɗu, daraja. Feda ta asali ba ta tsufa a kasuwa, in ka matsu za ka sayar da ita kusa da yadda ka saya. Malti kamar waya yake, sabon samfuri na fitowa tsohon ya faɗi. Na biyar, ana iya tara fedoji ɗaya bayan ɗaya kamar adashe, ba sai an tara kuɗi a dunƙule ba. Sannan akwai masu cewa in ka haɗa obadiraib ta gaske da amfilifaya mai kyau, yadda take amsa nauyin hannunka daban ne. Na gwada a wurin wani, kuma ban ƙaryata su ba.

Duk na yarda. Amma ku duba hujjojin nan da kyau, za ku ga kusan dukansu na mutumin da ya riga ya zauna ne: yana da amfilifaya, yana da ɗakinsa shi kaɗai, yana da wuta ko abin da zai maye ta, ya san sautin da yake nema, ana kuma kiransa wasa a biya shi. Wannan ba ɗan aji ɗaya ba ne. Batun bambancin sauti kuwa, a ɗakin taro mai rufin kwano, da janareta na ruri a bayan taga, da sifikokin haya da suka sha bukukuwa ɗari, ba wanda zai ji shi. Abin da jama'a za su ji shi ne ko jitarka a saite take, ko kana tafiya daidai da ganga.

Malti ma yana da tarkonsa, kuma na faɗa ciki, don haka ga abin da zan gaya wa wanda zai saya.

Kada ka dogara da saitin da ya zo da shi daga kamfani. An cika musu gishiri ne don su burge mai gwadawa a shago. Share wuri ka gina naka guda uku kacal: ɗaya mai tsabta, ɗaya mai ɗan gurnani, ɗaya na lokacin da za ka fito kai kaɗai. Ka daidaita ƙarfinsu, don kada ka taka na biyu mutane su zabura, ka koma na farko a daina jin ka. Ka bi jerin da aka saba kafin ka fara wasa da shi: wa-wa a gaba, sai gurnani, sai koros, sai dile, ribab a ƙarshe. In miksa za ka shiga ko abin kunne, kunna kwaikwayon amfilifaya da sifika. In ka samu amfilifayar gaske, kashe shi, in ba haka ba sauti zai fito kamar an rufa masa bargo. Abin da ya yi daɗi a abin kunne da dare ba lallai ya yi daɗi a fili ba, saboda haka ka je wurin taro da wuri ka gwada, kuma ka rage ribab fiye da yadda ranka ke so. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban tarkon shi ne murɗe-murɗe. Akwai watan da na lura ina yin awa biyu da jita a cinya, amma minti ashirin kawai na kaɗa, sauran duk latse-latse ne. Yanzu na sa wa kaina doka: ranar Asabar kaɗai nake taɓa saiti, sauran kwanaki hannu ne ke aiki.

Wajen saye kuma, in na hannu ne, tafi da jitarka da wayarka da abin kunnenka. Taka kowane maɓalli, murɗa kowane abin murɗawa, girgiza waya a cikin rami ka ji ko sauti na yankewa, bar shi a kunne na ɗan lokaci. Tabbatar adaftarsa ta asali ce, ka karanta abin da aka rubuta a jikinta. Kada ka tura wa kowa kuɗi a intanet kan hoto. Jabu sun yi yawa, musamman a fedoji masu suna, in ka ga farashi ya yi daɗi fiye da kima to ka ja baya. Araha ba ta ado. In kuma kana cikin masu ƙin shiga shafi-shafi, akwai malti irin su Boss ME-80 da aka yi da maɓallan murɗawa a fili kamar fedoji jere, sai dai ya fi girma ya fi tsada.

Yaushe ne lokacin feda? Ranar da za ka iya cewa, "Abu kaza nake amfani da shi kullum a malti, kuma ga takamaiman abin da ya gaza min." Ranar nan je ka sayi wannan fedar guda ɗaya, ka sa ta a gaban malti su yi aiki tare. Ba dole ne a zaɓi ɓangare kamar siyasa ba. Ni yanzu haka nake: ƙaramin malti da obadiraib ɗaya da na saya bayan na sayar da distoshan da dile ɗin nan. Shekara guda ke nan ban ji ina bukatar ƙari ba.

Kuma mu riƙa tunawa da inda muka fito. Marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntigi ya zaga duniya, tsirkiya ɗaya a jikin ɗan gwangwani da fata. Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu yake cika ɗakunan wasa a Turai da Amurka, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya, kuma ta katin waya da Bluetooth waƙoƙinsa suka fara yawo. Kayan sun zo ne daga baya, bayan hannu ya riga ya iya. Ba ina cewa kaya ba su da amfani ba ne, ai da ban yi wannan dogon rubutun ba. Cewa nake akwati ba ya kiɗa.

Ƙanen nawa bai ji daɗin maganata ba, na gani a fuskarsa. Ya ce, "Amma Yaya, malti ai kamar na 'yan koyo ne." Na ce masa to kai mene ne? Muka yi dariya. Na miƙa masa nawa da abin kunne, na ce ya riƙe har Juma'a, ya dawo ya gaya min abubuwa uku da ya fi so da dalilinsa. Na kuma ce kuɗin haya ko naira ɗaya kada ya taɓa, don mai gida ba ya karɓar feda, kuma wanda ya turo kuɗin nan daga gida ba don wa-wa ya turo su ba.

Wanda yake nan Ibadan yana son ya gwada kafin ya saya, ya neme ni bayan sallar La'asar ranar Asabar, ya zo da jitarsa. Masu fedoji kuma ina jiran ku, na san ba za ku bar ni ba. Allah Ya ba mu sa'ar jarabawa, Ya mai da mu gida lafiya.